Zancen Asusu: Kafin mu ciri kuɗin zubi mu sayi man furen maraice

  

Wannan karon tambaya guda ce ta zo mana daga ƙungiyoyi daban-daban, a kan wasu ƙwayoyi masu taushi, masu launin ruwan zinari, da mai a cikinsu. Ana tallarsu a WhatsApp da Facebook, ana kuma shigowa da su gidan biki da gidan suna cikin jaka. Masu tallar suna cewa duk macen da ba ta samun nama da kifi, wadda cimarta tuwo ne da miyar ganye da wake, wannan mai zai cike mata abin da jikinta ya rasa. Suna ƙarawa da cewa yana daidaita al'ada, yana gyara fata, yana maganin ciwon nono, yana kawo haihuwa, har ma yana sauƙaƙa naƙuda. Cikinmu akwai masu son cin bashin asusu su saya su sha, akwai kuma masu son su saro su sayar. Tunda zance ya taɓa akwati kuma ya taɓa lafiya, ya zama namu.

Amsarmu a taƙaice ita ce: wannan mai ba guba ba ne ga mafi yawan mutane, amma ba shi ne abin da marar cin nama take rasawa ba. Irin man da ke cikinsa muna da shi a gyaɗa da riɗi. Abin da ke ƙaranta a jikin wadda nama ya yi wa nisa wani abu ne daban, kuma ko ɗigonsa babu a cikin ƙwayar. Bari mu bi zancen daki-daki.

Wane mai ne wannan?

Ku dubi jikin kwalbar. Wadda ta biyo ta Najeriya za ku ga an rubuta Evening Primrose Oil, wadda ta zo da rubutun Faransanci kuma Huile d'onagre. Abu ɗaya ne. Mu a nan za mu kira shi man furen maraice, don tsiron yana da fure rawaya da ke buɗewa idan rana ta faɗi. Asalinsa daga Amurka ta Arewa ne, daga can aka kai shi Turai shekaru wajen 400 da suka wuce, yanzu kuma ana nomansa da yawa a ƙasar Sin. Ƴaƴansa ƙanana ne, ba su kai riɗi ba, su ake matsewa a fitar da man, kamar yadda muke matse tunkuza.

A ƙasashen Turawa akwai mutanen da suka bar cin nama da ganin damarsu. Wasu sun bar nama da kifi kaɗai, wasu sun haɗa har da madara da ƙwai, ba su cin komai sai abin da ƙasa ta tsirar. Su ba su son shan man kifi, shi ya sa kamfanoni ke tallata musu duk wani mai da ya fito daga tsiro. Wannan tallar ce ta biyo salula ta iske mu, aka sauya mata riga. Mu ba alwashi muka yi da nama ba. A gidaje da yawa sai sallah, ko suna, ko ranar kasuwa ake ganinsa, kuma in ya samu kun san inda tsoka mai kyau take fara zuwa. Akwai kuma waɗanda lokotoro ya ce su rage nama, da waɗanda dama ransu ba ya sonsa. Dalili ya bambanta, amma tukunyar kusan iri ɗaya ce, don haka tambayar ta shafe mu.

Mu yi lissafi irin na ranar rabo

Man furen maraice, kashi 70 da ɗoriya cikin 100 wani irin maiƙo ne da ake kira linoleyik. Jiki yana buƙatarsa, kuma ba ya iya ƙera shi da kansa, sai an ci. Wannan gaskiya ne. Abin da masu talla ba su faɗa shi ne, man riɗi yana da linoleyik kashi 40 da wani abu, man gyaɗa, ko gujiya inji wasunmu, yana da kusan kashi 30, man waken soya kuma wajen rabinsa shi ne. Ƙuli-ƙuli, kantun riɗi, miyar gyaɗa, miyar agushi, awara, duk suna ɗauke da shi.

Yawancin ƙwayoyin nan miligiram 500 ne kowace, wato rabin giram. Babban cokali ɗaya na mai giram 14 ne. Ke nan sai kin fasa ƙwaya 28 kafin ki cika cokali guda. Kwalba mai ƙwaya 60, duk man da ke cikinta giram 30 ne, cokali biyu da ɗan burbushi. In mai miligiram 1000 ce, cokali huɗu da kaɗan. Cokalin man riɗi ɗaya da kika zuba a kwaɗo ya ba ki linoleyik daidai da na ƙwaya wajen 15, na gyaɗa kuma wajen 12.

Yanzu mu sa kuɗi. Farashi ya danganta da gari da mai sayarwa, amma mu ɗauka misali an ce kwalba jikka 5. Lita ɗaya ta mai ta fi giram 900. Sai kin haɗa kwalba 30 kafin ki samu lita. Kwalba 30 sau jikka 5, jikka 150 ke nan a kan litar mai guda. Ƴan uwa masu sana'ar tuyar ƙuli, ku faɗa mana nawa kuke sayar da lita.

Don mu yi adalci, akwai abu ɗaya da wannan mai yake da shi wanda babu a man gyaɗa da na riɗi. Sunansa GLA, haruffa uku, za ku gan su a jikin kwalba. Yana tsakanin kashi 8 zuwa 10 na man, wato kamar miligiram 45 a ƙwaya mai 500. Shi ake sayar mana da tsada. To amma jikin mai lafiya da kansa yake ƙera GLA daga linoleyik ɗin da ta ci, kamar yadda mai hatsi a rumbu ba ta buƙatar sayen gari sai dai ta daka. Shi ya sa masana abinci ba su sa shi cikin jerin abubuwan da wajibi ne mutum ya ci kullum ba.

Wani ruɗani kuma: da yake ƙwayar ta yi kama da ta man kifi, wasu na ɗauka ita ce madadinsa. Amfanin man kifi yana cikin maiƙon da ake kira omega-3. Man furen maraice na dangin omega-6 ne, omega-3 ɗin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba. Wadda ta saye shi don ya tsaya mata a matsayin kifi ta sayi abin da ba shi ta je nema ba.

An gwada shi kuwa?

An gwada, kuma ba sau ɗaya ba. A Ingila an taɓa ba shi lasisin magani, likitoci suna rubuta shi don ciwon nono na mata da kuma cutar ƙaiƙayin fata da ake kira egzema. A shekarar 2002 hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta janye lasisin, don da aka sake duba gwaje-gwajen ba a ga hujjar da ta isa a ce yana aiki ba. A 2013 kuma ƙungiyar masu bincike ta Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 27 da aka yi a kan mutum 1,596 masu egzema, wasu da wannan mai, wasu da wani mai makamancinsa. Aka tarar waɗanda suka sha man ba su fi waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta samun sauƙi ba.

A kan ciwon mara da ɓacin rai kafin al'ada, da zafin jiki da gumin da ke damun mata lokacin ɗaukewar al'ada, gwaje-gwajen ƙanana ne kuma sun saɓa wa juna, ba su kai a kafa hujja da su ba. A kan haihuwa kuwa, babu wani ingantaccen gwaji da ya nuna yana sa mace ta samu ciki. Wannan shi ya fi mana ciwo, don mun san halin da ƴar uwa mai neman haihuwa take ciki, da maganganun da take sha a gidan miji. Duk wanda ya zo mata da kwalba da alkawari za ta buɗe bakin zane. Ita da maigidanta su je likita tare a duba su duka biyu, don matsalar tana iya kasancewa ta kowane ɗayansu, kuma wasu matsalolin suna da magani in an gano su da wuri.

Wata za ta ce: "To ni dai Hajiya wance ta sha, kuma ta ce ta ji daɗinsa." Ba mu ce ƙarya take yi ba. Ciwon nonon da ke zuwa kafin al'ada dama yana tafiya da kansa in jini ya zo, wani wata ya yi tsanani, wani wata ya yi sauƙi. Ƙaiƙayin fata ma yana tashi da hunturu ya lafa da damina. In mace ta fara shan abu a lokacin da ciwo ya kai ƙarshe, sauƙin da zai zo da kansa sai a ba ƙwaya ladansa. Saboda haka ne masu bincike ke raba mutane gida biyu, a ba waɗannan na gaske, a ba waɗancan na wofi, ba tare da kowa ya san wanda ya samu ba, sannan a kwatanta.

Ku lura da wani abu a jikin kwalba. Za ku ga an rubuta complément alimentaire, ma'ana ƙarin abinci. Ba a rubuta magani ba. A Amurka, inda da yawansu ke fitowa, dokar 1994 ta yarda a sayar da irin waɗannan kaya ba tare da an fara tabbatar wa hukuma cewa suna warkar da wata cuta ba. Shi ya sa kamfanin ba ya rubuta "yana kawo haihuwa" a kwalba. Wannan maganar a bakin mai talla kaɗai za ku ji ta.

To, me marar cin nama take rasawa?

Na farko shi ne sinadarin ƙarfe, wanda ma'aikatan likita ke kira fer, mai gina jini. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna mata 46 cikin 100 suna da ƙarancin jini, yara ƙanana kuma 73 cikin 100. Alamunsa mun san su: gajiya ba dalili, jiri in an miƙe, haki a kan ɗan daka ko ɗibar ruwa, bugun zuciya, cikin fatar ido da tafin hannu su yi fari. Wake, gero, zogala, yakuwa, rama, kuka da daddawa duk suna da ƙarfe, sai dai jiki ba ya tsotsarsa da sauƙi kamar na nama. Akwai dabarun da ke taimakawa. A matsa lemun tsami a kwaɗo ko a wake, a sa tumatir ɗanye, a ci gwaiba ko mangwaro bayan abinci, ko a dama garin ƴaƴan kuka. Jiƙa wake da hatsi, da barin gasara ta yi tsami kamar ta koko, suna sakin ƙarfen. Shayi kuwa yana hana shi shiga jiki, don haka a jinkirta shi kamar awa guda ko biyu bayan cin abinci. Akwai kuma irin gero mai suna Chakti da aka fitar a Nijar a 2018, aikin cibiyar ICRISAT ta Sadore tare da INRAN, wanda ya fi geron da muka saba yawan ƙarfe kuma yana nuna da wuri. Masu gonar ƙungiya su tambayi malaman gona labarinsa.

Ƙarancin jini ba daga abinci kaɗai yake zuwa ba. Zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, haihuwa kusa-kusa da zubar jini mai yawa lokacin al'ada duk suna cinye shi. Shi ya sa awon jini a likita ya fi zato. Mai ciki kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta sha ƙwayar ƙarin jini kullum, mai ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 haɗe da folik asid. Ita ce ƴar ƙwayar da ake bayarwa wurin awon ciki, wadda wasunmu ke jefawa ƙarƙashin katifa don tana sa tashin zuciya ko baƙin bayan gida. Baƙin bayan gidan ba cuta ba ne. In tana tayar miki da zuciya, ki sha ta da dare bayan kin ci abinci, ki kuma gaya wa ungozomar likita.

Na biyu shi ne bitamin B12. Wannan shi ne babban abin da ke tsakanin mai cin kayan dabba da marar ci, don ba a samunsa yadda za a dogara da shi a hatsi, ko wake, ko ganye, ko man tsiro. Zogala da duk albarkarta ba ta ba da shi. Yana cikin nono, madara, ƙwai, kifi, nama da hanta. Babban mutum yana buƙatar ɗan kaɗan ne, mikirogiram 2.4 a rana, mai ciki da mai shayarwa sun ɗan fi haka. Kofin madara ɗaya yana ba da kusan rabin wannan, ƙwai ɗaya wajen kashi ɗaya cikin biyar. Hanta tana ajiye shi a jikin mutum har shekaru, shi ya sa rashinsa ba ya nunawa da wuri. In ya ƙare sai a fara jin tafin ƙafa da yatsu suna mutuwa ko kamar ana tsira allura, ga mantuwa, ga kasala. Jaririn da ke shan nonon uwar da ba ta da shi yana iya yin lakwas, ya yi jinkirin zama da rarrafe. Ku ga darajar hura da nono ke nan. Hurar da aka dama da ruwa zalla ta cika ciki, amma wannan bitamin babu shi a ciki. Wadda kuma ba ta taɓa nono, ba ta cin ƙwai, ba ta cin kifi ko nama sam, ƙwayar da take buƙata ita ce ta B12, kuma a likita ko farmasi za ta nemi bayaninta.

Na uku, bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi. Yana cikin zogala da sauran ganye masu duhun kore, kabewa, karas, mangwaro, gwanda, manja da dankali mai jan ciki. Yana buƙatar maiƙo kafin ya shiga jiki, don haka ɗan man gyaɗa ko ƙuli a kwaɗon zogala ba don daɗi kaɗai ba ne. In za ku sayi man jarka, ku nemi mai tambarin ENRICHI, an ƙara masa bitamin A.

Na huɗu, omega-3 ɗin da muka ambata. Kifi ne gidansa, musamman mai maiƙo irin sardin na gwangwani. Na kusa da tafkin Madarunfa, ko Tabalak, ko bakin kogi a Yamai, ko ɗan busasshen kifi aka daka a miya ya fi babu. Waken soya da awara suna ba da wani nau'insa. Sai na biyar, gishiri mai iyod, mai hana maƙoƙo kuma mai taimakon ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki. A rufe shi, kada a bar shi a rana.

Ku sake duba waɗannan biyar. Ƙarfe, B12, bitamin A, omega-3, iyod. Babu ko ɗaya da man furen maraice zai ba ku.

Waɗanda ya kamata su nisance shi

Mai ciki ita ce ta farko. Ana yaɗa cewa a sha shi ko a matsa shi a gaba a watan haihuwa don bakin mahaifa ya yi taushi. Gwaje-gwajen da aka yi a kan haka ba su daidaita ba, kuma ba a tabbatar ba ya cutar da uwa ko ɗa ba. Duk abin da zai taɓa naƙuda aikin ungozomar likita ne, a inda in jini ya ɓalle akwai mai tsayar da shi. Kada wata ta gwada wannan a ɗaki.

Sai mai shan maganin tsinka jini, irin warfarin ko asfirin na kullum, da wadda za a yi wa aikin tiyata, don man yana iya ƙara zubar jini. Mai farfaɗiya da mai shan maganin taɓin hankali kada su sha sai lokotoro ya sani. Mai shayarwa ma ta tambaya tukuna, kuma ba a ba yara. Ko ga mai lafiya, yana iya kawo ciwon kai, tashin zuciya, ɓacin ciki ko zawo.

Haɗarin da ya fi waɗannan shi ne jinkiri. Mace ta ji ƙullutu a nono, ko ruwa ko jini na fita daga kansa, ko fatar wurin ta sauya, sai a ce ta sha kwalba uku ta gani. Wata uku ke nan sun tafi. Ƙullutu a nono, jinin da ya ƙi tsayawa, jinin da ya dawo bayan al'ada ta ɗauke, da jiri mai kayar da mutum, duk na zuwa likita ne a satin nan, ba bayan kwalba ta ƙare ba.

In duk da haka kina son saye

Kuɗinki ne, ba mai hana ki. Amma ki duba abu huɗu. Ɗaya, ɓawon ƙwayar. Yawanci da jelatin ake yin sa, shi kuma daga fata da ƙashin dabba ake samo shi, na saniya, ko na alade, wani lokaci na kifi. In an rubuta gélatine ko gelatin kawai ba a faɗi dabbar ba, ba yadda za ki sani. Hukuncin wannan na malamai ne, a tambaye su. Mu dai muna cewa ki nemi wadda aka rubuta ɓawonta na tsiro ne, végétale, ko mai tambarin halal. Abin dariya ne a ce maganin marar cin nama an naɗe shi da fatar dabba, amma haka abin yake a kwalabe da yawa.

Biyu, ranar lalacewa. Uku, inda aka ajiye shi. Irin wannan mai ba ya jure zafi da haske. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Kwalbar da ta yini a tiren mai talla ko ta kwana a bayan mota, man cikinta yana iya yin ɗoyi. In ƙwayoyin sun manne da juna, ko kin fasa ɗaya kin ji warin tsohon mai, ki zubar. Huɗu, ki saya a farmasi, kuma ki gaya wa mai farmasin duk maganin da kike sha.

Abin da ya shafi akwati

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, ƙa'idar da ta riƙe ƙungiyoyinmu ita ce bashi ya tafi inda zai dawo. Mai son cin bashi don ta saro waɗannan ƙwayoyi, ƙungiya ta zauna da ita a yi lissafi da murya a sarari. Su wa za su saya? Ƴan uwanta ne na zubi da maƙwabta. Da wace magana za ta sayar? In ta faɗi gaskiya cewa cokali biyu ne na mai, ba mai ba ta jikka 5. In kuma ta yi alkawarin haihuwa da sauƙin naƙuda, ta ɗauki alhakin da ya fi ribar nauyi, kuma ranar da abin bai yi ba, a taron zubi za a haɗu. Ga kaya masu lalacewa da zafi, in ba su fita ba bashin yana nan a wuyanta. Ba mu ce a kunyata kowa ba. Wadda ta riga ta saro, ita ma talla aka yi mata. A zauna da ita cikin mutunci a karanta mata wannan shafi.

Wannan jikka 5 ɗin da muka yi misali da ita, ku auna abin da za ta yi a garinku: tiya nawa ta wake, ƙwan zabbi nawa da damina, ludayin nono nawa a hura, ko kuɗin mota zuwa awo da na gwajin jini. A matakin ƙungiya kuma, akuya ja ta Maraɗi da ake zagayawa da ita ta hanyar habbanaye tana ba gida madara, a tafasa a sha. Kaji biyar a bayan ɗaki suna ba da ƙwai, in dai ba duka ake kaiwa kasuwa ba. Zancen cewa yaron da ya ci ƙwai zai yi sata, ko mai ciki kada ta ci, ba shi da tushe, ya kamata mu bar shi. Layin zogala a bakin rijiya yana ba da ganye rani da damina. Asusun taimako kuma, wanda muke cirewa don rashin lafiya, ya halatta a taɓa shi don ƴar uwa mai jiri ta je a auna jininta.

Ga aikin da muke roƙon kowace ƙungiya ta yi a zubi mai zuwa. Bayan an rufe akwati, a zagaya, kowace ta faɗi sau nawa a satin da ya wuce ta sha nono, ko ta ci ƙwai, kifi ko nama. Ita da kanta, ba abin da ta zuba wa maigida da yara ba. Sakatariya ta rubuta adadin ba tare da suna ba. A tambayi masu ciki ko suna zuwa awo, kuma ko ƙwayar ƙarin jinin tana shiga baki. A duba cikin fatar idon juna, wadda nata ya yi fari a samu mai raka ta likita. In da mai kwalbar man furen maraice a gida, ta zo da ita, a karanta abin da ke jikinta tare, a ƙirga ƙwayoyin a raba da 28.

Ku aiko mana da abin da kuka samu ta hannun masu kawo muku takarda. Da shi za mu gina zancen fitowa ta gaba, a kan yadda ƙungiya za ta fara kiwon kaji da zabbi da ƙaramin jari, da yadda za a tsare su daga cutar da ke kwashe su da hunturu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sauki masu ciki lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.